Birkin babur ɗina ya cinye mini yini guda

Talata, Gadarif ta ƙasar Sudan, bayan sallar isha'i.

Har yanzu hannuna warin giris yake yi, na wanke da sabulu sau biyu bai fita ba.

Da safe na goya 'yata a babur zan kai ta makaranta. Daren jiya an sha ruwa, kuma duk wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif ya san yadda taɓonta yake kama taya kamar danƙo. Mun gangaro kusa da rafin Khor Abu Farga sai ga wani yaro ya fito da karo, wato amalanken jaki, daga lungu, jakinsa a guje, ya ɗauko tankin ruwa. Na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa, babur bai ko rage gudu ba. Na sa ƙafafu biyu a taɓo ina ja, muka tsaya tayar gaba tana gogar ƙarfen karon. Yarinyar ba ta yi kuka ba, amma yadda ta ƙanƙame rigata, har muka isa ƙofar makaranta ba ta saki ba.

Na san da matsalar, wannan shi ne abin da ya fi damuna. Kusan wata biyu ke nan duk sanda birkin baya ya yi sanyi sai in tsuguna in ƙara ɗaure notin da ke ƙarshen sandarsa, zagaye ɗaya ko biyu, ya ɗan farfaɗo, in ci gaba da harkokina. Ranar Juma'ar da ta wuce zaren ya ƙare, babu sauran inda notin zai tafi. Na ce sai an fara yankan riɗi kuɗi sun shigo.

Daga makaranta kai tsaye na tura babur ɗin wajen Usta, makanikena. Dattijo ne, namu ne, kakansa ma da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji kamar nawa kakan, tafiya ta tsaya musu a nan. Hira da Hausa muke yi, amma sunayen kayan aiki rabi da Larabci suke fita. Na ba shi labari, bai ce komai ba, ya nuna mini wata 'yar kibiya a jikin hannun birkin, kusa da cibiyar taya. Ya danna feda, kibiyar ta zarce alamar da ke jikin murfin. Ya ce, "Ɗana, wannan ta daɗe tana gaya maka, kai ne ba ka duba ba."

Yaronsa ya kawo shawarar a zare hannun birkin a matsar da shi haƙori ɗaya baya, wai zai kama kamar sabo, ko'ina haka ake yi. Gaskiya raina ya so, domin aikin minti biyar ne kuma ba sayen komai. Usta ya daka masa tsawa. Sannan ya kwance tayar ya nuna mana dalili. A cikin gangar birkin da ke tsakiyar tayar akwai takalman birki biyu masu siffar jinjirin wata, tsakaninsu wani ɗan ƙarfe mai faɗi wanda idan ya juya yake buɗa su su matse bangon gangar. Idan fatar takalman ta cinye, ɗan ƙarfen sai ya yi juyi mai yawa kafin su taɓa bango. Ka matsar da hannun, ka ba shi damar ƙara juyawa, wata rana zai miƙe tsaye tsakaninsu ya ƙi dawowa, taya ta kulle kana cikin gudu. Nawa fatar ba ta kai milimita 2 ba, gefe ɗaya ma ƙarfe ya fara leƙowa.

Da aka buɗe na gaba sai abin ya fi muni. Fatar tana da sauran kauri, amma ta yi baƙi tana sheƙi, giris ya tsiyayo daga wajen boris ya jiƙa ta. Na tambaya ko a wanke da fetur a goge da sanfefa. Ya ce fatar da ta sha mai ta sha ke nan, da ta ɗauki zafi zai sake tsattsafowa. Da yaron ya kai baki zai hure ƙurar gangar ya buge masa kai, ya ce a sa jiƙaƙƙen tsumma, wannan ƙura ba ta shiga huhu ta fita.

Ya ɗaure mini tsofaffin a leda ya ce kada in yarda in sayi komai sai na ɗora sabo a kan tsoho.

Nan wahalar ta fara. Kafin yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, isbirat, wato kayan gyara, daga Khartum da Umdurman suke zuwa, abin da babu yau a shago jibi ya iso. Da birnin Madani, da ke tsakaninmu da Khartum, ya faɗi a Disambar shekarar hanyar ta yanke gaba ɗaya, jama'a suka kwararo garin nan, kaya kuma suka koma biyowa daga Bur Sudan ta Kasala. Masu shaguna sun saba da abin da ya samu, mu ma haka.

Shagon farko ya zaro mini wasu a farar leda, babu suna babu lamba. Araha sosai. Na kai farce bakin fatar inda aka manna ta da ƙarfe, na ga 'yar kafa, manne bai kama ko'ina ba. Irin wannan ne ke ɓantarewa cikin ganga ya cushe taya. Na ajiye masa, ya ce kowa shi yake saya. Na yarda da shi, shi ya sa abin ya ba ni tsoro, domin da su ake goya mata da yara a garin nan kullum. Na biyu na raksha, wato keke mai taya uku, kawai gare shi, ya dage wai za su shiga, na ɗora a kan nawa suka fi shi faɗi da girma, ramukan sifirin ma ba su hau ɗaya ba.

Rana ta take, cikina babu komai. Na zauna wajen mai shayi na ci ful, dafaffen wake, na sha jabana, kofi da citta, na kira wani ɗan ƙanwar mahaifiyata mai tuƙa lori zuwa Bur Sudan. Ya ce sai Asabar zai taso, in tura masa hoton nawa da awonsa.

Shago na huɗu, can ciki bayan masu walda, na samu wani tsoho da kwali guda ɗaya tak na masu kyau, an rufe shi yadda ya kamata, ga lamba a jiki, da sabbin sifirin biyu a ciki. Na ɗora, suka zauna daram. Kuɗinsu ya ninka na farar leda kusan sau uku. Yana da wasu matsakaita, mannensu lafiya amma fatar ta fi tauri. Na tsaya ina lissafin kuɗin gawayi da na makaranta, sannan na tura masa kuɗin ta Bankak, manhajar banki ta waya, na karɓi duka biyun, da sabuwar wayar birkin gaba, tunda tawa zare uku sun tsinke a wajen hannu.

A babur ɗina gaba da baya girmansu ɗaya, don haka na ce wa Usta ya sa masu kyan a baya, da shi nake aiki. Ya ajiye sifana ya dube ni. Ya ce idan babur zai tsaya nauyinsa gaba yake komawa, tayar gaba ce ke danne ƙasa, ita ke yin mafi yawan aikin, ta baya kuwa sauƙi take yi har ta fara ja. Na ce, "Baba, tun ina yaro aka ce mini birkin gaba yana kayar da mutum." Ya ce fizga ce ke kayarwa, a matsa shi a hankali tare da na baya, sai dai a taɓo ko yashi a sassauta masa. Shekara 9 ina kan babur, hannun daman nan kusan ban taɓa amfani da shi ba sai a tsaye.

Ya canza robar da ke tare giris, ya goge bangon gangunan da sanfefa har sheƙin ya tafi, ya ɗiga giris kaɗan ƙwarai a wuyan ɗan ƙarfen nan, ya share abin da ya fito. Ya bar wa feda wasa kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi, ya juya tayoyin a sama ya saurara ko suna goga.

Bayan la'asar na fita hanyar Doka inda kwalta ta bushe, ina ɗan gudu ina tsayawa, sau wajen 20, da hannu da ƙafa tare. Da farko bai kama sosai ba, ya riga ya gaya mini sai fatar ta kwanta da ganga. Can sai na fara jin gaban babur yana nutsawa ƙasa yana tsayawa inda na ce.

Na gaya wa maiɗakina duk abin da ya faru da safe, ban rage komai ba. Ta yi shiru, sannan ta ce 'yar ta riga ta faɗa mata. Gobe da jibi a raksha za ta tafi makaranta, na ware kuɗin na sa a ƙarƙashin tire. Ranar Alhamis zan koma Usta ya sake duba ɗaurin, hoton takalman kuma na tura Bur Sudan tun da magariba.