Ba kullum ake gudu kamar ranar gasa ba

Tseren mita 800 zagaye biyu ne kacal na fili, zakarun duniya kuma kan gama shi minti biyu ba su cika ba. Shi ya sa wanda ya shigo harkar horar da 'yan gudu yakan ɗauka maganin wannan tsere shi ne gudu da ƙarfi kullum: a jera yara a layi, a hura usur, su zuba a guje har sai sun zube suna haki. Na daɗe ina koyar da motsa jiki, ina horar da matasa masu gudun mita 800 da 1500, ina kuma bin diddigin yadda manyan kociyoyin duniya suka reni zakarunsu. Abin da na fito da shi ya saɓa wa wancan tunani. Yawancin aikin koci nagari riƙe linzami ne. Ɗan wasan da ya kai matakin duniya ya riga ya cika da zuciya, wanda zai ce masa "ya isa haka yau" shi ya fi buƙata.

Dalilin yana cikin jikin mutum. Masu binciken kimiyyar wasanni sun auna sun gano cewa a tseren mita 800 kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da jiki ke ƙonawa daga iskar oksijin yake fitowa, a mita 1500 kuwa ya haura kashi huɗu cikin biyar. Ke nan ko wannan gajeren tsere ma, juriya ce ke ɗauke da shi. Ita kuwa juriya, wato zuciyar da ke tura jini mai yawa a bugu ɗaya da ƙananan hanyoyin jini da ke yaɗuwa cikin tsoka, a hankali take ginuwa, wata da watanni, shekara da shekaru. Zafin gudu ana iya wasa shi cikin 'yan makonni, daga nan sai ya tsaya cak, in aka matsa kuma sai rauni ya biyo baya.

Arthur Lydiard na ƙasar Niyu Zilan ne ya fara nuna wa duniya haka a aikace. Ya ɗauki Peter Snell, ƙaƙƙarfan saurayi mai gudun mita 800, ya sa shi gudun kusan kilomita 160 a mako tamkar mai shirin gudun fanfalaki. Ranar Lahadi sukan yi zagayen kilomita 35 a tsaunukan Waitakere da ke bayan birnin Auckland. Sai wannan tushe ya kafu sannan a shiga makonnin hawan tudu, sannan a ƙarshe a hau fili don wasa sauri. A gasar Olamfik ta Rum a 1960, rana ɗaya, Snell ya ci zinare a mita 800, Murray Halberg ya ci a mita 5000, dukansu ɗaliban mutum ɗaya. A 1962 Snell ya kafa tarihin duniya na mita 800 da minti 1 da daƙiƙa 44.3, a kan filin ciyawa, a Christchurch. A Tokyo a 1964 ya haɗa zinaren 800 da na 1500.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce kowa ya je ya tara kilomita. Amma ga Sebastian Coe na Ingila, wanda mahaifinsa Peter Coe, injiniya, ya horar. Su ba su yarda da tulin kilomita irin na Lydiard ba. Sun bi tsarin da Frank Horwill ya fito da shi na matakan sauri biyar: mai gudun 1500 yau ya yi atisaye da saurin tseren mita 5000, wata rana da na 3000, wata rana da na 1500, ko na 800, ko na 400, a haɗa da ɗaga ƙarfe da motsa jiki na ƙarfafa ƙafa. Da wannan Coe ya kafa tarihin duniya na mita 800 da minti 1 da daƙiƙa 41.73 a Florence a 1981, aka shekara 16 kafin Wilson Kipketer ya karya shi.

Na jima ina juya waɗannan hanyoyi biyu a raina, don a ido kishiyoyin juna ne. Inda suka haɗu shi ne babu wanda a cikinsu yake barin ɗan wasa ya yi gudu iya ƙarfinsa kowace rana. Kowane atisaye yana da saurin da aka yanka masa, kuma wuce wannan sauri laifi ne kamar yadda gaza shi yake laifi. Na kuma fahimci cewa 'yan mita 800 iri biyu ne. Akwai waɗanda suka hauro daga mita 400, irin Alberto Juantorena na Kuba da ya ci 400 da 800 a Montreal a 1976, akwai kuma waɗanda suka gangaro daga 1500. Ka ɗora wa na farko kilomitocin na biyu, ka kashe masa ƙafa. Don haka kwafe jadawalin wani zakara daga intanet a manna wa yaro, ba tare da an san wane iri ne shi ba, zalunci ne ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

A wannan zamani 'yan Norwe ne suka kai wannan taka-tsantsan maƙura. Wani ɗan gudunsu, Marius Bakken, ya gwada wani tsari a jikinsa, iyalan Ingebrigtsen suka ɗauka suka bunƙasa shi, har Jakob ya ci zinaren mita 1500 a Tokyo a 2021 da na 5000 a Faris a 2024. Kwana biyu a mako suna yin atisaye mai ɗan nauyi sau biyu a yini, safe da yamma. Tsakanin zagaye da zagaye ɗan wasa yakan tsaya, a tsaga masa ɗan yatsa da tsinin allura, a ɗiga jinin a kan wani ɗan siririn tsinke, a soka a na'urar da ba ta fi tafin hannu ba. Cikin daƙiƙu kaɗan lamba ta fito, tana nuna yawan laktet da ya taru a jini, wato sinadarin da ke ƙaruwa idan gudu ya yi tsanani. Ana so lambar ta zauna ƙasa da 4. In ta haura, komai daɗin da yake ji a ƙafarsa, sai ya rage sauri. Abin da ya fi burge ni ke nan: an kashe kuɗi an sayi na'ura don ta hana zakaran duniya gudu fiye da kima. Ribar ita ce gobe ya tashi da sauran ƙarfi, jibi ya sake yi, mako ya bi mako ba tare da jinya ta katse shi ba.

Mu ba mu da wannan na'ura, amma muna da yatsu biyu da agogo. Tun shekarun 1930 Woldemar Gerschler na Jamus, kocin zakaran mita 800 Rudolf Harbig, yake aiki da bugun zuciya: a yi gudu ya kai wajen 180 a minti, a huta ya sauko 120, sannan a sake. In minti ɗaya da rabi ya wuce bai sauko ba, jiki ya ce ya gaji. Haka nake yi da yarana. Yaro ya gama zagaye, ya dafa gefen wuyansa, in ce "ƙirga", bayan daƙiƙa goma in ce "tsaya", mu ninka sau shida. Akwai wani mai zuciya a cikinsu, duk ranar da lissafin ya ƙi sauka sai ya ce, "Malam, don Allah bari in ƙara ɗaya, wallahi ban gaji ba." Ni kuwa ina kallon kafaɗunsa sun ɗage sun kusa taɓa kunne, haɓarsa ta yi sama, takunsa ya fara ƙara a ƙasa. Sai in ce, "Ɗauki rigarka, ɗana, gobe ma rana ce." A zafin Maris da Afrilu wannan awo ya fi agogon tsere gaskiya, domin saurin da yaro ya yi cikin sauƙi da hunturu, yanzu da tsada zuciyarsa ke biyansa.

Wannan kallon kafaɗa da sauraron taku, daga labarin Colm O'Connell na ƙara riƙe shi da muhimmanci. Ɗan mishan ne daga Ayilan, ya zo garin Iten na Kenya a 1976 don koyar da labarin ƙasa a makarantar St Patrick's, bai san komai game da horar da 'yan gudu ba. Da ido ya koya, yana tsaye bakin fili yana lura da yara. Shi ya ga David Rudisha, dogon yaro ɗan Masai mai gudun mita 400 da haɗakar wasanni goma, ya ba shi shawarar gwada 800. Rudisha ya ci gasar matasa ta duniya a 2006, rauni ya hana shi zuwa Olamfik ta 2008, a gasar duniya ta Balin a 2009 kuma ko zagayen ƙarshe bai kai ba. Ba a ruɗe an ninka masa aiki ba. A 2010 ya karya tarihin duniya sau biyu, tsakaninsu mako guda. Ranar 9 ga Agustan 2012 a gasar Olamfik ta Landan ya shige gaba tun daga farko, babu mai ja masa gudu, ya gama a minti 1 da daƙiƙa 40.91. Kocinsa yana Kenya yana kallo a talabijin. Ya riga ya reni mutumin da zai iya yanke wa kansa shawara a fili.

Mutane kan ce ai sirrin a tudu yake, tunda Iten ta kai mita 2400 sama da teku, Hicham El Guerrouj na Maroko ma a tsaunin Ifrane yake atisaye. Gaskiya ne ƙarancin iska a tudu yana sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, mu ma kuma muna da Mambila da Filato. Amma a tudu ma sai an rage sauri a kwanakin farko, in ba haka ba gajiya kawai za a kwaso.

Inda rashin haƙurin koci ya fi yin ɓarna shi ne wajen 'yan mata, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Mary Cain ta Amurka tun tana 'yar sakandare ta kai zagayen ƙarshe na mita 1500 a gasar duniya ta 2013. A 2019 ta fito ta bayyana cewa an yi ta matsa mata ta rage nauyi har jinin al'adarta ya ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Jikin da ba ya samun abincin da ya kai aikin da ake ɗora masa, daga ƙashi yake fara cin kansa. Shi ya sa kafin in duba lokacin da yarinya ta yi, nakan tambayi me ta ci da safe, awa nawa ta yi barci, in kuma roƙi malama mace ko mahaifiyarta su bincika min abin da ba zai yiwu ta faɗa min ba. Ɗaukewar al'ada ga 'yar wasa alama ce ta a tafi asibiti, a kuma sassauta atisaye nan take.

Faith Kipyegon ta Kenya ta ci zinaren mita 1500 a Rio a 2016, ta haihu a 2018, ta ɗauki dogon hutu. Da ta dawo ta koma sansanin Kaptagat wajen Patrick Sang, kocin zakaran gudun fanfalaki Eliud Kipchoge, inda take bin masu gudun fanfalaki dogon gudu, aka sake gina ta daga tushe. Ta ci azurfa a Doha a 2019, zinare a Tokyo, zinare a Faris, ta zama ta farko da ta ci wannan tsere sau uku a jere a Olamfik. A Yulin 2025 a Eugene, tana da shekara 31, ta sake karya tarihinta na duniya da minti 3 da daƙiƙa 48.68.