Abin da ƙagaggun labaran kimiyya suka koya mini a ajin fizik

Duk malamin fizik a arewacin Kamaru ya san irin ɗalibin nan. Ya haddace dokokin Newton, yana kawo su babu tuntuɓe, zai ma ci jarrabawar bak ta kammala sakandare da maki mai kyau, amma ka tambaye shi yadda inuwarsa za ta kasance da a ce rana biyu ce a sama, sai ya zuba maka ido. Tun daga firamare an saba masa da cewa tambaya daga malam take fitowa, amsa kuma tana jira a bayan littafi. A shekarun da na yi ina koyarwa a nan Garwa, ban ga abin da ke kwance wa yaro wannan ƙulli da sauri kamar ƙagaggen labari mai kyau ba, irin wanda ake ɗaukar gaskiya guda ta kimiyya a ɗan karkata ta, a bi ta a ga inda za ta kai mutane.

Wanda ya fi yi mini aiki shi ne na marubucin Sin, Liu Cixin, wanda a Faransanci ake samu da sunan Le Problème à trois corps, wato matsalar abubuwa uku masu jan juna. Ba sabo fil ba ne, don ya fito a littafi a Sin tun 2008, fassararsa ta Ingilishi kuma ta ci kyautar Hugo, babbar lambar yabo ta irin waɗannan labarai, a 2015. A cikinsa akwai wata duniya mai rana uku. Wani lokaci su fito gaba ɗaya su ƙone komai, wani lokaci su yi nisa sanyi ya daskarar da ƙasa, kuma babu masanin da ya iya faɗin abin da gobe za ta zo da shi. Mutanen wurin sun koyi fitar da ruwan jikinsu, su bushe, a naɗe su a ajiye sai lokaci ya gyaru a jiƙa su. Na karanta wa aji wannan wuri a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fanka a tsaye. Wani daga kujerar baya ya ce, "Malam, ai kilishi ke nan aka yi da mutane." Da dariya ta lafa, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu: tunda muna iya lissafa tafiyar duniya a kewayen rana, me zai hana su su lissafa tasu?

Wannan tambaya ita ce darasin gaba ɗaya. Idan abu biyu ne ke jan juna, lissafin Newton yana ba ka hanyarsu cif. Da zarar na uku ya shigo, magana ta canza. A ƙarshen ƙarni na 19 Bafaranshen nan Henri Poincaré ya nuna cewa ɗan bambanci kaɗan a farkon tafiya yana iya girma har ya sauya komai daga baya. Muka zarce zuwa nisa. Taurarin da marubucin ya ara su ne Alfa Sentori, maƙwabtanmu mafi kusa, kuma haske mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa yana shekara huɗu da ɗoriya kafin ya iso daga can. Na sa su lissafa da gudun kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, mai cin kusan kilomita 17 a daƙiƙa. Da amsar ta fito sama da shekara 70,000, wasu suka sake bugawa, suna zaton na'urar ce ta yi musu ƙarya. Na kuma gaya musu inda marubucin ya yi son ransa: a zahiri biyu daga taurarin nan suna zagaya juna cikin tsari, kusan duk shekara 80, ta ukun tana can nesa. Yaro ya kama marubuci ya ƙara gishiri, ya kuma iya nuna wurin da alli, wannan ma ilimi ne.

A nan na samu ma'aunin da nake auna irin waɗannan littattafai da shi. Abin al'ajabin da ke ciki, ko kumbo ne ko zoben tsafi, dole ya kasance da doka, kuma ya ci wa mai amfani da shi wani abu. Littafin da jaruminsa ke shiga tsaka mai wuya sai kawai wani sabon ƙarfi ya faɗo masa, ba na kai shi aji, komai yawan masu yabonsa.

Na biyun da zan ce a nema shi ne Noor na Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, wanda ya fito a 2021. Labarin yana arewacin Najeriya ne a wani zamani mai zuwa: wata guguwar yashi da ba ta lafawa, babban kamfani da ke tatsar lantarki daga iska da rana, mace makanikiya da aka sa wa gaɓoɓin inji, da wani makiyayi Bafulatani da aka laƙaba wa ta'addanci yana gudu da sauran shanunsa. Ɗalibaina ba su buƙaci bayani ba. Sun san hazon hunturu, sun san abin da ake faɗa kan Mbororo a kasuwa, sun kuma san cewa idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo, wadda ke ba mu wuta tun farkon shekarun 1980 da ƙarfin megawat 72, unguwa ce za ta kwana a duhu. Muhawarar da ta biyo baya ta kai mu ga tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, da tambayar wa ke da rana idan wani ne ya mallaki faifan da ke kama ta. A ganina ƙarshen littafin an yi shi da gaggawa, kuma akwai inda fasahar jarumar ta zarce dokar da aka shimfiɗa mata. Duk da haka ya cancanci kuɗinsa.

Ta ɓangaren almara, A Master of Djinn na P. Djèlí Clark, shi ma na 2021, ya ci kyautar Nebula, wata babbar lambar yabo ta wannan fage. Alƙahira ce a 1912, aljanu sun fito fili suna zaune da mutane, Masar ta zama babbar ƙasa ta fi ƙarfin Turawan Ingila, har da ma'aikatar gwamnati mai kula da lamuran gaibu. Yana da daɗi sosai, sai dai akwai soyayya a ciki da iyaye da yawa a nan ba za su lamunta ba, don haka na bar shi ga manya. Ba na miƙa wa yaro littafin da ban karanta daga bango zuwa bango ba. Wani dattijo ya taɓa tarar da ni bayan la'asar da littafin da na ara wa ɗansa a hannu, ya ce, "Malam, wannan karatu ne ko tatsuniya?" Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, tatsuniya ce mai lissafi a ciki," na buɗe masa shafin da yaron ya cika gefensa da alƙaluma. Ya jima yana dubawa, ya ce a ci gaba, amma kada ya hana shi zuwa islamiyya.

Ban da haka ma, irin waɗannan labarai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito tun 1934, kuma a 1969 Umaru Dembo ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan da ke zube a yankinmu babu mai ɗauka. Ga labarin Sao, ƙattin da ake cewa sun zauna a kudancin Tafkin Chadi, waɗanda Kotoko ke kira kakanninsu. Ga ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta mai kama da ɗan Adam, da aka tono a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, mai kimanin shekara miliyan 7. Ga tafkin kansa, da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya tsotse mafi yawansa.

Shi ya sa yanzu kowane zango nake ba da aikin shafi biyu: Garwa a 2080, da sharaɗin duk abin da ka ƙaga ka kawo lissafinsa. Yawanci motoci masu tashi ake kawo mini. Amma wata ta rubuta cewa kogin Binuwai ya ƙafe, ana tatsar ruwa daga raɓa da raga a kan duwatsun Tingilin, ta lissafa lita nawa gida mai mutum goma ke sha, ta gano ragar da ake bukata ta fi filin unguwarsu girma. Maimakon ta rage alƙaluman, sai ta mai da rigimar fili ta zama labarin.

Samun littattafan ne aiki. Sai an yi saƙo Yawunde ko Duwala, su hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare, sannan mota ta ƙaraso da su, kuɗin guda ɗaya kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Mu malamai kaɗan muke haɗa sefa mu sayi ɗaya, mu naɗe bangon da leda, mu buɗe rajistar aro. Mai riƙe da shi yana da mako biyu, wanda ya ɓata shafi kuma shi zai share aji.