Gurbin da forEach ya tsallake

Ranar wata Asabar a ajinmu na koyon JavaScript, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da ke Unguwar Rimi, an ɗauke wuta tun safe, kwamfuta biyu kacal ke da sauran caji. Wata ɗaliba ta juyo min da allonta ta ce, "Malam, jerin nan gurbi uku ne, amma forEach sau biyu ya buga." Ashe [1, , 3] ta rubuta, ta manta lambar tsakiya, waƙafi biyu suka haɗu. Takardar bayanin da muke koyarwa da ita, wadda 'yan sa kai ke kula da ita a shafin GitHub, cewa ta yi forEach, umarnin da ke zagaya jeri yana yin aikin da ka ba shi, yana bi ta kowane gurbi. Har na buɗe baki zan ce ta sake dubawa, sai na gwada da kaina. 1 ya fito, sai 3.

Da dare na buɗe ƙa'idar ECMAScript, kundin da ya tsara yadda JavaScript ke aiki. Tun bugu na 5 na 2009, kafin forEach ya kira aikin da ka ba shi, sai ya duba ko akwai wani abu a gurbin, in babu ya wuce. Gurbin wofi daban, gurbin da aka zuba wa undefined (alamar da ke nufin ba a fayyace ƙima ba) daban, ko da yake tsawon jerin uku ne a duka biyun. Haka wasu ayyukan zagaya jeri, filter da some da every, suke yi. Shi kuwa map yana tsallakewa, amma ya bar maka ramin a sabon jerin da yake haɗa maka.

Daɗi ya kwashe ni, na tura gyara cewa duk ayyukan da ke zagaya jeri suna tsallake gurbin wofi. Bayan kwana biyu mai duba gyare-gyare ya amsa da tambaya ɗaya: na gwada find? Ban gwada ba. Shi find da findIndex a 2015 suka shigo, ba ruwansu da wannan dubawar, ramin undefined suke ɗaukarsa. Haka ma for...of. Wato na je ɗinke ɓaraka na ƙara yage rigar, kuma sunana na nan a jikin gyaran kowa na gani.

A karo na biyu ban rubuta kalmar "duk" ba sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya a burauza da wannan jerin na ɗalibar, ina rubuta sakamakon a bayan takardar rasit. Gyaran ya koma jimla uku da misali guda, aka karɓa.

Asabar ta gaba na nuna wa ajin. Ita dai ɗalibar ba ta ko ɗago kai ba, tana ta dannawa, can ta ce, "Malam, to me ya sa includes ya ce akwai undefined a ciki, indexOf kuma ya ba ni -1, wato babu?" Na duba takardar, babu ko layi ɗaya a kan wannan.