Talata: wunin rubuta wa wakili bayanin kayan aikinsa

Tun bayan sallar asuba na zauna kan aikin ƙungiyar manoman shinkafar nan, kafin zafin Birnin Kebbi ya taso. Wakili muke haɗa musu na ƙirƙirarriyar basira, wanda manomi zai yi wa tambaya ta WhatsApp, shi kuma ya nemo amsa da kansa. Kayan aiki uku muka ba shi, wato ƙananan manhajojin da yake kira su yi masa aiki: na duba farashi, na duba abin da ke sito, da na tura saƙo ga 'yan ƙungiya.

Wajen ƙarfe tara ɗalibin da ke koyon aiki a wurina ya iso da kwamfutarsa, ransa a ɓace. Ya gwada tambayar wakilin nawa buhu yake a Argungu, sai ya kawo masa adadin buhunan da ke sito a matsayin farashi. "Yaya, na duba komai, manhajar ba ta da matsala," in ji shi. Gaskiyarsa, aikinsa tsaf yake. Na ce ya buɗe mini bayanin da ya rubuta wa kowane kayan aiki. Na farko: "duba shinkafa". Na biyu: "nemo bayanin shinkafa". Na ce, ƙanena, ko ni aka miƙa wa waɗannan biyun, canki-canka zan yi.

Wakilin ba ya ganin cikin manhajar ko kaɗan. Abu uku kawai ke isa gare shi: sunan kayan aikin, bayaninsa, da jerin abubuwan da zai cike, wanda ake tsarawa da JSON Schema, wata ƙa'idar fayyace irin bayanan da za a cike. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya saki a Nuwamban 2024. Kamar ɗan aike ne da yau ya sauka garin, ga shi da kaifin kai amma bai san kasuwa ba. Iya abin da ka faɗa masa a bakin ƙofa shi zai tafi da shi.

Muka sake rubutawa tare. Na farashin ya koma kusan layi shida: yana kawo farashin shinkafa da naira a kan kilo ɗaya, a kira shi in an tambayi kuɗi, kada a kira shi don sanin yawan kaya, wannan aikin na sito ne, in babu farashin ranar, zai kawo na baya tare da kwanan watansa. Wannan "kada a kira shi" ɗin na fi ba muhimmanci, don yawancin masu rubutu suna faɗin abin da kayan ke yi su tsaya nan, alhali ruɗanin yana tasowa ne inda biyu suka yi kama da juna.

Mun daɗe kan maganar awo. Buhun shanshera daban, buhun gyararriya mai kilo 50 daban, kuma manomi ba zai tsaya fayyacewa ba. Sai muka sa dole wakilin ya zaɓi ɗaya cikin biyun, in bai gane ba ya tambaya. Wurin sunan gari ma mun rufe ƙofar rubuta abin da aka ga dama, muka jera ƙananan hukumomin Kebbi 21 ya zaɓa daga ciki. Dalili kuwa, wanda ya ce Gwandu yana iya nufin garin, ko ƙaramar hukumar, ko masarautar da fadarta ke nan Birnin Kebbi.

Bayan azahar wuta ta ɗauke, muka koma kan sola, na duba saƙon da kayan ke mayarwa in an sami kuskure. Lamba ce tsura, ba ta koya wa wakilin komai. Muka gyara saƙon, yanzu yana cewa, misali, kwanan watan ba daidai ba ne, a fara da shekara, sai wata, sai rana. Da muka gwada, da kansa ya gyara ya sake kira. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Kayan aikin tura saƙon ne ya fi tsaya mini a rai. Saƙo in ya fita ba ya dawowa, kuma farashin ƙarya ɗaya zai iya sa mutum ya karyar da noman raninsa gaba ɗaya. Na rubuta a layin farko cewa kada a kira shi sai sakataren ƙungiya ya ga rubutun ya amince, na kuma sa manhajar kanta ta ƙi turawa in babu amincewar, don bayani kaɗai bai isa tsaro ba.

Da la'asar shugaban ƙungiyar ya kira, yana so a ƙara kayan aikin duba rabon taki. Na ce, "Ranka ya daɗe, za a yi, amma a turo mini irin tambayoyin da manoma ke yi da bakinsu." Da su zan gwada bayanin gobe in Allah ya kai mu, kuma ɗalibin ne zai fara rubuta shi kafin in duba.