Karatun Dakta a Fannin Ba da Shawara: Abin da Na Tarar a Unguwannin Gombe

A yawancin jami'o'in Najeriya, mai son yin digiri na uku a fannin ba da shawara da sanin halayyar ɗan Adam tsangayar ilimi yake nufa, ba ta likitanci ba. Tarihin fannin ne ya jawo haka, domin a makaranta ya tsiro. A 1959 wata sakandaren 'yan mata ta Katolika a Ibadan ta gayyato ma'aikata su yi wa ɗalibai masu fita bayanin sana'o'i, daga baya tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Ni ma ta wannan ƙofa na shiga, ina koyarwa a nan Gombe, ga aure ga yara.

Zangon farko darasi ne zalla: ra'ayoyin manyan masanan fannin, Carl Rogers da Albert Ellis da Aaron Beck, sai lissafin ƙididdiga da manhajar SPSS. Daga nan aka shiga rubuta tsarin bincike da kare shi a gaban malaman sashe. Wannan karatu yana fitar da mai bincike, amma zama da mutumin da zuciyarsa ta karye wani aiki ne daban, kuma awannin gwaji da ake bayarwa ba sa isa. Wanda yake son ya iya, sai ya nemi inda zai zauna da mutane da kuma gwanin da zai riƙa duba aikinsa.

Na zaɓi in yi aiki da matan da rikici ya koro daga Borno da Yobe, waɗanda suka zauna cikin unguwanni, wasu a gidan haya wasu a wurin dangi. Tsarin shi ne a raba su rukuni biyu, a auna damuwar kowa da farko, a yi wa rukuni ɗaya zaman shawara na makonni bisa hanyar Beck, sannan a sake aunawa a kwatanta. A takarda abin a miƙe yake. A zahiri sai na fara da gaishe da mai unguwa, na yi masa bayani dalla-dalla, sannan mazajen masu aure, kafin na kai ga matan. Takardar yarda kuwa karanta musu nake yi da baki, mai sa hannu ta sa, mai dangwala yatsa ta dangwala. Kuma nakan maimaita cewa ba rabon kayan agaji na zo yi ba, domin duk mai littafi da biro da ya shigo unguwa, abin da ake zato ke nan.

Akwai tambaya guda a takardar auna damuwa da ta fi kowacce nauyi, wadda ke tambayar ko mutum ya taɓa tunanin gara ya mutu. Malamin da ke duba aikina ya tsayar da ni a kanta. Ya ce, “Malama, idan mace ta ce miki e, ina za ki kai ta?” Na ce, “Ranka ya daɗe, sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa.” Ya ce to in je in gana da likitan, in san ranar da yake ganin marasa lafiya, in tanadi kuɗin mota, kafin in raba takarda ko ɗaya. Haka na yi, kuma an buƙaci hakan. A lokacin, yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar final kod, ga kuma tsoron zunubi da na bakin mutane. Macen da ta amsa e ta ɗauki kasada babba, bai halatta a mayar da amsarta lamba a kwamfuta a wuce ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kame bakina. Mun taso a inda duk wanda ya kawo kuka ake ce masa ya yi haƙuri, a yi masa nasiha, a kawo aya. Haƙuri alheri ne, ban ja da wannan ba. Sai dai matan nan sun ji shi daga kowa, kuma sau da yawa da an faɗe shi zance ya mutu. Rogers ya kafa hanyarsa a kan sauraro da karɓar mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai da na iya yin shiru na bar wata dattijuwa ta gama kukanta, sannan ta ce, “'Yata, ban taɓa gaya wa kowa ba,” ta faɗi yadda hannun jikanta ya suɓuce daga nata a daren da suka gudu. Shekaru tana ganin ita ta kashe shi.

A nan hanyar Beck ta yi amfani, domin aikinta shi ne a ɗauki tunanin da ke azabtar da mutum a duba shi tare: mece ce hujjarsa, me za ki ce wa ƙanwarki da ita abin ya faru da ita? Amma littafi ya ɗauka cewa kowa na iya rubuta tunaninsa a jadawali, mafi yawan matan kuwa ba su yi boko ba. Sai muka koma yi da baki, muna auna nauyin damuwar mako da ƙwallayen dabino daga ɗaya zuwa goma. Maganar ƙaddara ma ban guje mata ba. Na gayyato wata malamar Islamiyya da suka yarda da ita, ta bambance musu imani da ƙaddara da kuma ɗora wa kai laifin abin da ya fi ƙarfin mutum. Ta isar da abin da ni ba zan iya isarwa ba.

Labaran nan suna bin mutum gida. Akwai lokacin da barci ya ƙaurace mini, sai da na samu wata babbar malama a fannin da nake zama da ita ina sauke abin da na ɗauko, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Sauran wahalhalun kowane ɗalibi ya san su: kuɗin makaranta ga wanda bai samu tallafin TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, ba, yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022, buga maƙala a mujalla, jiran mai jarrabawa daga wata jami'a. A ranar kare kundi an fi tambayata a kan lissafi, ba wanda ya tambayi makomar rukuni na biyu, matan da aka auna damuwarsu aka bar su don kwatance. Na riga na yi musu alkawari, don haka bayan kammala tattara bayanai na koma na yi musu irin zaman da na yi wa na farko, da kuɗin aljihuna.

A farkon 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma masu wannan aiki a jiharmu har yanzu kaɗan ne. Yanzu da nake duba ɗaliban digiri na biyu, ba na sa hannu a babi na uku na kundinsu, inda ake bayyana yadda za a gudanar da bincike, sai na ga inda za a tura wanda ya shiga haɗari, da ranar da za a koma wa rukuni na biyu.