Fukafukan DH.9A sun tsaya daidai a ƙarshe

'Yan'uwa masu ƙera ƙananan jirage, yau ina cikin farin ciki ƙwarai, domin fiffiken sama na samfurin DH.9A, tsohon jirgin saman sojan Ingila, da nake haɗawa ya zauna a kan ginshiƙansa ba tare da karkata ba, kuma ya kwana ya tashi a haka duk da busasshiyar iskar hunturu. Wanda ya taɓa ɗaure jirgi mai fukafukai hawa biyu ya san abin da wannan yake nufi.

Na zaɓi wannan jirgi ne saboda irinsa ne ya fara sauka a Kano. Guda uku ne na rundunar sojan sama ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoban 1925, suka bi ta Khartum da El Fasher da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, da Maiduguri, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. Faɗin jirgin daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya kai mita 14, tsawonsa kuma ya ɗan haura mita 9, saboda haka da na raba da 20 sai nawa ya tashi santimita 70 a faɗi, 46 a tsawo. Wannan girman ya isa a ga kowace waya, kuma bai yi wa teburina yawa ba.

Gangar jikin ba ta ba ni wahala ba. Itacen balsa, wato itacen nan marar nauyi da ake ƙera samfura da shi, kam na haƙura da shi bayan sayen farko, domin kuɗin aiko shi daga waje ya fi kuɗin itacen kansa, abin da har yanzu yake yi mini ciwo idan na tuna. Na koma ga tukurwa don haƙarƙarin fiffike, gora kuma don dogayen sandunan ciki da ginshiƙai, ban kuwa ga abin da na rasa ba.

Inda aiki ya tsaya cik shi ne ɗaurin wayoyi. Jirgin yana da ginshiƙai takwas tsakanin fukafukan, huɗu a kowane gefe, ban da gajerun da suke riƙe tsakiyar fiffiken sama a kan gangar jiki, kuma tsakanin kowane jeri akwai wayoyi da suka gitta juna. Waɗanda suka tashi daga ƙasa kusa da jiki zuwa sama ta waje su ne suke ɗaukar nauyi idan jirgi yana iska, kishiyoyinsu kuma su riƙe fukafukan idan yana ƙasa. A jirgin gaske kowace waya tana da ɗan ƙarfen da ake murɗawa a ƙara mata ƙarfi ko a rage, har akwai ma'aikata na musamman da ba su da wani aiki sai daidaita su. A samfuri mai santimita 70 babu wannan gata. Abin da ka ɗaura ka ɗiga masa gam, ya zauna ke nan.

Na yi ɗaurin farko da zaren auduga a ƙarshen damina, lokacin da iska take da laima, komai ya miƙe gwanin sha'awa. Da hunturu ya shigo sai zaren ya saki, wayoyin suka yi laƙwas, takardar da na lulluɓe fiffiken da ita kuma ta bushe ta tsuke, ta murɗe bakin fiffiken hagu zuwa ƙasa. Abin takaicin shi ne abubuwan biyu suna tafiya ne a saɓanin juna: bushewar da take sa takarda ta ja, ita ce take sa auduga ta saki, saboda haka a daidai lokacin da fiffiken ya fi bukatar abin da zai riƙe shi, a lokacin ne zaren yake sake shi. Na kwance na sake ɗaurawa da ƙarfi, sai ginshiƙi ɗaya ya huda haƙarƙarin tukurwa ya fito ta sama. Ranar nan na ajiye jirgin a kan kabad, ban ko so in dube shi ba.

Abin da ya warware matsalar ya fara ne daga takarda. Na manna sabuwa a kan firam na katako, na fesa mata ruwa, na bar ta ta bushe ta gama tsukewarta a can kafin ta taɓa fiffike. Sannan na yanka allon kwali mai kauri gida huɗu, kowanne da tsaga biyu da suke riƙe fiffiken sama da na ƙasa a tazarar da zane ya nuna, tare da ɗan gabatar da na sama kamar yadda yake a jirgin gaske. Muddin fukafukan suna cikin wannan maƙalin, babu wayar da za ta iya jan su ta karkatar. A wurin auduga na sa siririn zaren nailan na masunta, kuma maimakon in ja da hannu, inda ƙarfin ja yake bambanta daga waya zuwa waya, sai na zura kowanne ta raminsa na rataya masa noti iri ɗaya, na bar nauyin notin ya yi jan, sannan na ɗiga gam. Ina yin waya ɗaya a dama, in yi takwararta a hagu, ban taɓa gama gefe guda kafin ɗayan ba. Biyun da suka ɗan saki bayan an cire kwalin na kusantar musu da garwashin turaren tsinke, suka tsuke nan take. A yi hattara da wannan dabara, domin idan garwashin ya matso fiye da kima zaren tsinkewa yake yi, kuma takarda tana kusa.

Yanzu idan na ɗaga jirgin na dube shi ta gaba, bakin fukafukan huɗu suna kan layi, idan kuma na taɓa waya da farce tana ba da ɗan amo kamar tsirkiyar garaya. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa.

Fenti ruwan azurfa da tambarin zobe mai ja da fari da shuɗi na so in yi a gaba, amma hannuna ya riga ya tafi kan hanci, ina sassaƙa bututun hayaƙin injin Liberty mai silinda 12 da ƙarin lagireton da ake rataya wa waɗannan jirage a ƙarƙashin hanci a ƙasashe masu zafi. Farfelar ma tana nan a zuciyata, domin ina son in manna siraran katako masu launi biyu in sassaƙa, yadda layukan za su fito. Wanda ya taɓa gwada fentin azurfa a kan takardar da aka riga aka tsuke, ina roƙonsa ya gaya mini ko tana sake ja bayan ya bushe, kafin in kusanci fukafukan nan da buroshi.