Harafi ɗaya tsakanin kayan rubutu da motar da ke tsaye

A shekarata ta farko a shagon buga takardu, wani dattijo mai sayar da biro da ambulan da littattafan rubutu ya kawo mana aikin rasit. Ni na tsara shi a kwamfuta, na rubuta stationary a ƙarƙashin sunan shagonsa, aka buga, ya biya ya tafi. Bayan kwana biyu sai ga shi da rasit ɗin a hannu. Ya ce, "Yaro, ɗana da ke jami'a ya ce ka rubuta wai shagona a tsaye yake, ba ya motsi."

Maigidana ya sake buga aikin da kuɗinsa. Abin ya tsaya mini a rai, domin da kwamfutar na dogara, ita kuwa ba ta ja jan layi ba. Ba ta da dalilin ja. Kalmar daidai take, mazauninta ne ba nan ba.

Stationary mai harafin "a" abin da ke tsaye cak ne, kamar motar da aka faka a gefen titi. Stationery mai e kuwa kayan rubutu ne. A baki ba ka jin bambanci ko kaɗan.

Da na bi diddiginsu na tarar uwarsu ɗaya, wata kalmar Latin mai nufin zama wuri guda. A Ingila ta da, mai sayar da littattafai a kafaffiyar rumfa, musamman kusa da jami'a, stationer ake ce masa, don a bambanta shi da ɗan koli mai yawo da kaya. An kafa ƙungiyarsu ta Landan a 1403, ta sami takardar izini daga masarauta a 1557. Daga baya hajarsu ta ci sunansu. Ashe dattijon nan da ya shekara da shekaru a rumfa ɗaya shi ne stationer na asali.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu a Hausa akasin haka muke yi. Garin da muke zaune da garin tuwo, ko farin zane da farin da ke kashe shuka, kunne na raba su amma alƙalami ya haɗa. Na saba kunnena ya yi mini alƙalanci, sai Turanci ya ɓoye bambancin a inda ido kaɗai ke gani.

Yanzu kafin aiki ya hau inji ina bin sa kalma-kalma da ƙamus a gefe, kuma nakan tuna ambulan ɗin dattijon: envelope da e take farawa, e ɗin da ke cikin stationery.